Baba Fasto, ta yaya zan yafe wa kaina?

Tambayar ta fito daga wani ɗan'uwa a Tawa, ya roƙa a sakaya sunansa. Shekara 9 da suka wuce shi ne ma'ajin zumuntar matasa a ikilisiyarsu. Ya ɗebi jikka 80 daga asusun ya yi kuɗin mota zuwa Abijan bida, da niyyar in ya samu ya mayar kafin a farga. Bai mayar ba. Da aka zo lissafi aka ce kuskuren rubutu ne, magana ta mutu. Yana can aka kira shi cewa mahaifiyarsa na kwance, ya ce a jira ƙarshen wata ya karɓi kuɗinsa. Kafin watan ya ƙare ta rasu. Ya ce: "Baba Fasto, ba daren da ba na roƙon gafara. Na daina cin Jibin Ubangiji, da an fara rabawa sai in zame in fita. Ta yaya zan yafe wa kaina?"

Ɗana, sannu da ɗaukar kaya. Ubangiji ya ta'azantar da kai a kan rashin Inna.

Sau uku na karanta saƙonka. Abin da na fara gani shi ne kaya biyu ka haɗa ka ɗaure da igiya ɗaya, shi ya sa suka ƙi sauka. Ɗaya bashi ne da ake iya fara biya gobe da safe. Ɗayan kuwa babu kasuwar da ake biyansa. Shekara 9 kana yi wa na farkon addu'a alhali kuɗi yake jira, kana ƙoƙarin biyan na biyun da hawaye da gudun teburin Ubangiji alhali shi ba ya biyuwa. Bari mu kwance igiyar tukuna.

Mu fara da kuɗin, don shi ne mai sauƙi, ko da yake na san a wurinka shi ya fi kunya.

Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Wannan da ke binka tun daga tashar Tawa har Abijan har ya dawo da kai gida, kada ka yi addu'a a kore shi. Lamirinka ne, kuma a kan wannan batu gaskiya yake faɗa. Buɗe Littafin Firistoci 6:1-7. Wanda aka ba ajiya ya ci amana, doka ta ce ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, ya ba mai shi, a ranar ce kuma zai kawo ragon hadayarsa. Lura da yadda aka haɗa su. Ba a yarda mutum ya riƙe ajiyar a aljihu ya tsaya gaban bagade da rago ba. Yesu ma haka ya ce a Matiyu 5:23-24: in kana miƙa baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ajiye baikon, je ku shirya, sa'an nan ka dawo. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, bai tsaya a kashi ɗaya cikin biyar ba, ya ce duk wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu (Luka 19:8). Amma ka duba lokacin da ya faɗi haka. Yesu ya riga ya shiga gidansa. Karɓar da aka yi masa ce ta buɗe masa aljihu.

Ba mu ƙarƙashin dokar hadayu, saboda haka ban ce dole sai jikka 96 ba. Amma da ni ne, 96 zan kai. Ka nemi fastonka ko dattijo ɗaya da ka amince da bakinsa, ku zauna ku biyu, ka ce: "Kuɗin matasa na shekara kaza ni na ɗauka." Kada ka yi masa ado, kada ka fara da labarin wahalar Abijan. In ba ka da su a dunƙule, ka yanka wa kanka jikka 8 kowane wata, shekara ɗaya ta kashe magana. Ka kuma tambaya ko a wancan lokaci an zargi wani a ɓoye. In akwai wanda aka yi ta kallo da wutsiyar ido saboda kai, haƙƙinsa ya fi na asusun nauyi, shi ma sai ka je gare shi.

Na san abin da ke ranka: a ikilisiyar da kowa ya san kakan kowa, ina za ka sa fuskarka? Mu Kirista a Adar ba mu da yawa, magana ba ta kwana. Mai yiwuwa a sa ka ƙarƙashin horo na ɗan lokaci. Ka karɓa. Kunyar wata uku ta fi wadda ka sha shekara 9 kai kaɗai a ɗaki. Ga ƴan'uwana fastoci kuma da za su karanta wannan, ku tuna horo yana da ranar ƙarewa. Bulus da kansa ya rubuta wa Korantiyawa cewa hukuncin da aka yi wa wani mai laifi a cikinsu ya isa, su yafe masa su ƙarfafa shi, kada baƙin ciki mai yawa ya haɗiye shi (2 Korantiyawa 2:6-8). Na ga inda aka zaunar da mutum a bencin baya aka manta da shi har ya daina zuwa. Wannan ba horo ba ne, sakaci ne.

Sai dai kada ka ɗauka biyan kuɗin ne zai wanke ka. Akwai wanda ya mayar da kuɗi har ƙwandala ta ƙarshe bai tsira ba. Yahuza, wanda ya ci amanar Yesu, ya yi nadama, ya mayar da azurfa 30, ya furta da bakinsa cewa ya yi zunubi, ya ba da marar laifi. Duk abin da na ce ka yi, ya yi. Amma wurin wa ya kai? Wurin manyan firistoci, suka ce masa, ina ruwanmu, wannan matsalarka ce (Matiyu 27:3-5). Daga nan ya zama shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne mai zartar da hukunci a kan kansa. A daren nan guda Bitrus ma ya faɗi, sau uku yana musun Ubangijinsa har da rantsuwa, shi ma ya fita ya yi kuka mai zafi. Zafin kukan bai bambanta su ba. Inda kowannensu ya nufa da kukansa ne ya raba su. Abin da 2 Korantiyawa 7:10 ke nufi ke nan da ta ce akwai baƙin ciki irin na Allah mai kai ga tuba, akwai kuma irin na duniya mai haifar da mutuwa.

A nan ne zan taɓa kalmar da ka yi tambaya da ita. Ka ce yaya za ka yafe wa kanka. Na shekara fiye da 20 ina zama da masu irin damuwarka, kuma ban sami inda Littafi Mai Tsarki ya umarci mutum ya yafe wa kansa ba. Ya ce mu nemi gafarar Allah, ya ce mu yafe wa juna. Dalili a fili yake: wanda ake bi bashi ba shi ke soke bashin ba. Dubi mai shagon unguwarku da kayensa na bashi, wanda gefensa ya yi baƙi da mai da gumin hannu. Sukari tiya ɗaya, shinkafa, sabulu, duk a ƙarƙashin sunanka. Ko ka kwana kana ce wa kanka "na yafe, na yafe", rubutun na nan. Ranar da wani ya zo ya biya maka, mai shago ya lashi yatsa ya buɗe shafin ya ja layi a kai, magana ta ƙare, ko ka ji daɗi a ranka ko ba ka ji ba. In kuma ka dawo washegari da kuɗi a hannu kana cewa a karɓa, ka raina wanda ya biya ke nan. Kolosiyawa 2:14 ta ce takardar bashin da ke kanmu an soke ta, an kafe ta a kan gicciye. Saboda haka tambayar da ta dace da kai ita ce: ka yarda da layin da aka ja, ko kuwa kotun zuciyarka ta fi ta Allah girma?

Karanta 1 Yahaya 1:9 a hankali. In mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne, mai adalci kuma, zai gafarta mana. Da an ce "mai tausayi" da ba mu yi mamaki ba. Amma adalci aka ambata. Mai adalci ba ya karɓar bashi ɗaya sau biyu. Ibraniyawa 10 ta ce hadayun da ake maimaitawa kowace shekara tunatar da zunubi kawai suke yi, amma Almasihu ya miƙa hadaya ɗaya tak ya zauna, kuma inda aka gafarta babu sauran wata hadaya. Roƙon da kake yi kowane dare a kan zunubi guda ya koma irin waccan hadaya ta shekara-shekara. Tuni yake yi maka, ba ya sauke komai.

Ba kai ka fara ba. Martin Luta, bayan ya shiga gidan ƴan zuhudu a Erfurt ta ƙasar Jamus a 1505, yakan shafe sa'o'i yana furta zunubansa, ya fito ya tuna wani ya koma, har ya gajiyar da Staupitz, ubansa na ruhaniya. Abin da dattijon ya yi ta nuna masa shi ne ya ɗauke ido daga cikin kansa ya dubi Almasihu da aka gicciye. Rijiyar zuciya ba ta da ƙasa, in ka ce sai ka yashe ta kafin ka huta, ba za ka huta ba.

Yanzu maganar Inna, wadda na san ita ce ke hana ka barci.

A wurinmu babu abin da ya kai a ce uwa ta tafi ba ka nemi gafararta ba. Tun muna yara muke ji ana cewa a rabu da iyaye lafiya, mun ga yadda ake kiran ƴaƴa daga nesa su zo a yafi juna. Ba zan ce maka ba komai ba ne. Amma mu auna laifin da mudun gaskiya, kada a cika shi ya yi tozo. An kira ka, ka zaɓi jiran kuɗi, wannan naka ne, ka kira shi da sunansa a gaban Allah sau ɗaya. Amma ba kai ka sa mata ciwo ba, kuma ba ka san kwanakinta sun ƙare ba. Yau ne ka sani. Mutumin da ke tsaye a Abijan da waya a kunne, yana lissafin kuɗin mota na tafiyar da ba ta yini ɗaya ba ce, yana jin kunyar shiga gida hannu rabbana, bai san abin da ka sani yanzu ba. Da-na-sani ƙeya ce. Rabin ƙauyukan Adar sun san wannan ciwo, don kusan kowane gida akwai wanda labarin rasuwa ya iske shi a Abijan ko Libiya ko Legas.

Ni ma ina da nawa. Ina sabon fasto, wani dare cikin hunturu aka ƙwanƙwasa mini ƙofa cewa wani tsoho a ikilisiya yana nemana. Na dawo daga tafiya a gajiye, na ce a gaya masa da sassafe ina zuwa. Kafin zakara ya yi cara ya cika. Ni na yi wa'azin jana'izarsa, ina magana maƙogwarona na ɗaci. Har yau ban san abin da ya so faɗa mini ba. Shekaru na yi ina biyan wannan dare da aikin da ba wanda ya sa ni, ba na ƙin kowane kira, har iyalina suka fara biyan bashin da ba su ci ba. Matata ce ta ce mini wata rana: "Malam, tsohon nan yana wurin Ubangiji yana hutawa, kai kaɗai ne ba ka bar shi ya huta ba."

Abin da ya taimake ni shi ne wutar gawayi. Kalmar Helenanci da ke nufin wutar gawayi sau biyu kacal ta fito a Sabon Alkawari, duka a bisharar Yahaya. Ta farko a 18:18, a farfajiyar babban firist: dare ne mai sanyi, bayi da dogarai sun hura gawayi suna jin ɗumi, Bitrus na tsaye a cikinsu, a nan ya ce bai san mutumin ba. Ta biyu a 21:9, a bakin Tekun Tibariya da asuba: sun fito daga jirgi suka tarar da wutar gawayi, da kifi a kai, da gurasa. Kai da ka san zaman shayi da sanyin Tawa, ka san yadda warin gawayi ke kama riga, ka san yadda wari ke dawo da abin da aka manta. Ina jin duk inda Bitrus ya shaƙi hayaƙin nan a kwanakin, daren ne ke dawo masa. Yesu bai kauce wa wurin ciwon ba, ya hura irin wutar da kansa. Ya fara ba shi abinci. Sai da suka ci suka ƙoshi ya tambaye shi sau uku, kana ƙaunata? Bai ce me ya sa ka yi ba, bai ce rantse ba za ka ƙara ba. Kowace amsa kuma sai ya ɗora masa aiki: ka yi kiwon tumakina. Musu uku, tambaya uku, a gaban waɗanda suka san abin da ya faru.

Ka ga ba a ce Bitrus ya manta ba. Labarin musunsa yana cikin bisharu huɗu duka. Masu cewa "ka manta kawai" sukan jawo Filibiyawa 3:13, inda Bulus ya ce yana mance abin da ke baya. Amma ka karanta daga farkon surar, abin da ya fi lissaftawa a can abubuwan taƙamarsa ne, asalinsa da himmarsa. Tsananta wa ikilisiya kuwa bai taɓa ɓoye shi ba. Ya faɗe shi a 1 Korantiyawa 15:9, ya faɗe shi a Galatiyawa 1:13. Bulus ɗin da aka ajiye tufafi a gabansa ana jifan Istifanas ba zai iya ta da Istifanas ya roƙe shi gafara ba, kamar yadda ba za ka iya ta da Inna ba. Abin da ya ce shi ne, da alherin Allah nake abin da nake. Tabon na nan, amma ya daina zubar da jini.

Dawuda ma, da ɗan da Batsheba ta haifa masa ya mutu bayan kwana 7 yana kwance a ƙasa yana azumi, ya tashi ya yi wanka, ya sake tufafi, ya shiga ɗakin Ubangiji ya yi sujada, ya ce a kawo abinci. Fadawansa suka rasa gane masa. Ya ce, ni zan tafi wurinsa, shi ba zai komo wurina ba (2 Sama'ila 12:20-23). Laifinsa ya fi naka nesa ba kusa ba, har da jinin Uriya, mijin Batsheba, a ciki.

Ban san abin da Inna ta faɗa a kwanakinta na ƙarshe ba, kai ma ba ka faɗa mini ba. Ka taɓa tambayar waɗanda suka yi jinyarta? Da yawa masu irin ciwonka ba sa tambaya, don tsoron abin da za su ji. Je wurin ƴar'uwarka ko gwaggonka ka zauna ka tambaya. Sau da yawa abin da ake ji shi ne tsohuwa tana sa wa ɗanta na bida albarka har ƙarshe. Ko ma ba haka ba ne, aƙalla za ka yi kukan tare da naka, ba kai kaɗai ba. In kuma akwai wadda ta bar aikinta ta yi jinya a madadinka, ita tana raye, ana iya gode mata, ana iya ɗauke mata wani nauyi.

Akwai abin da ke ba ni mamaki game da mu. A Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, na ji ƴan'uwa da yawa suna cewa sun yafe tun toka ba ta huce ba, kuma da gaske suke. Amma a cikinsu akwai waɗanda har yau ba su yarda an yafe musu nasu laifin na shekara 20 ba. Bayarwa ta fi mana sauƙi a kan karɓa, don mai karɓa hannunsa ne a ƙasa. Ƴan'uwan Yusufu haka suka yi. Ya ce musu kada su damu, kada su yi fushi da kansu (Farawa 45:5), ya zaunar da su a Goshen yana ciyar da su. Yakubu ya yi shekara 17 a Masar. Da ya rasu sai suka aika wa Yusufu suna roƙon gafarar da ya ba su tun tuni. Littafi ya ce da ya ji saƙon sai ya yi kuka (50:17). Shekara 17 suna cin abincinsa ba su gaskata shi ba.

To yaya za ka gane muryar da ke maka magana da dare? Ruhu Mai Tsarki in ya nuna zunubi, yakan nuna abu takamaimai, ya nuna ƙofar fita: jikka 80, je ka mayar. In ka yi, sai ya yi shiru a kan batun. Mai ƙarar ƴan'uwa kuwa, wato Shaiɗan, kamar yadda Wahayin Yahaya 12:10 ta kira shi, ba ya nuna ƙofa. Shi dai "kai ba mutum ba ne, kai ka kashe ta, ina kai ina coci." Dare da rana abu ɗaya. In wannan ta zo, kada ka sake buɗe shari'ar. Ka mai da roƙon godiya, ka ce: "Ubangiji, na gode da ka riga ka gafarta wannan", ka karanta Romawa 8:1 da ƙarfi yadda kunnenka zai ji, ka juya ka kwanta. Daren farko ba za ka ji komai ya sauya ba. Zuciya kamar jaki take da ya saba da hanya ɗaya, ko an sake gida sai ya nufi tsohon. Shi ya sa 1 Yahaya 3:20 ta ce ko zuciyarmu ta kā da mu, Allah ya fi zuciyarmu girma, ya kuma san kome.

Game da Jibin Ubangiji, na san ayar da ke fitar da kai waje: 1 Korantiyawa 11:27, mai ci da rashin cancanta. Karanta daga aya 17. Masu hali ne ke riga cin nasu su ƙoshi har su bugu, matalauta na zaune da yunwa. Yadda ake cin ne Bulus ya tsawata a kai. Ya ce kowa ya auna kansa, sa'an nan ya ci. Bai ce ya auna kansa ya fita ba. Da sai marar laifi ke zama a teburin nan, da tire ya koma yadda ya zo. Ka fara zuwa wurin dattijon a kan maganar kuɗin, in ikilisiya ta ba ka lokacin jira ka jira, ranar da aka buɗe maka kuwa ka miƙa hannu ka karɓa.

Abu ɗaya ya rage, kuma kada ka tsallake shi. Ka ce ba daren da ba ka roƙo. In abin ya kai barci ya ƙaurace maka makonni, abinci ba ya shiga, aiki ya gagara, ko tunanin cewa gara ka mutu yana zuwa maka, ka gaya wa mutum ɗaya yau, ku je wurin likita tare. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, kuma shan maganin ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Na binne wanda aka yi ta ce masa ya ƙara azumi. Ba na so in sake.

Ranar da za ka kai kuɗin farko, ka ce ma'aji ya rubuta a littafin asusu a gabanka, da kwanan wata, ya ba ka ƴar takarda. Ka ajiye ta cikin Littafinka a Zabura 32. In ka je wurin gwaggo kuma, kada ka tafi da rana tsaka tana cikin aiki, bari sai bayan an ci tuwon dare. Ka rubuto mini abin da ta ce.